Dillalin gida wakilin wa ne, kuma a ina aikinsa ya tsaya?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu harkar gidaje da ke zauren nan, don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah. Ƙanwata ta kama hayar ciki biyu da falo a wajen Ɗorayi, dubu ɗari shida a shekara, dillali ya karɓi dubu sittin tasa daban. Ruwan farko da aka yi silin ɗin ɗaki guda ya jiƙe sharkaf, ashe kwanon ya daɗe yana yoyo, fenti aka shafa aka rufe tabon. Ta kira dillalin, ya ce shi aikinsa ya ƙare tun ranar da ya miƙa mata mukulli, ta nemi mai gida. Mai gidan kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, ko lambarsa ba ta da ita. To wannan la'adar ta mece ce? Tunda mai haya ne ya biya shi, ba wakilin mai haya ba ne? Ni a ganina wanda ya ci kuɗinka shi ya kamata ya tsaya maka har ƙarshe.

Abu_Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta haƙuri. Dillalan yanzu da zarar kuɗi ya shiga aljihu shi ke nan, ko wayarka ba za su ƙara ɗauka ba.

Baba_Dillali: Hajiya, wannan ita ce sana'ata, ita na taras mahaifina yana yi, don haka bari in raba miki maganar gida biyu. Gyaran rufi ba na dillali ba ne, na mai gida ne. Ba shi ya gina ba, ba shi ke cin kuɗin haya ba, ba kuma shi zai sayi kwano ba. A nan yaron bai yi ƙarya ba. Inda ya yi laifi wuri biyu ne. Na ɗaya, idan ya san rufin yana yoyo ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci amanarta. Na biyu, bai haɗa ta da mai gida ba. Asalin aikinmu ke nan, haɗa mai nema da mai kaya su ga juna ido da ido. Wanda ya karɓi la'ada ya ɓoye mai gida bai gama aikinsa ba, ko da ya miƙa mukulli goma.

Ni kafin in kai kowa gida sai na shiga ni kaɗai. In ɗaga kai in duba kusurwoyin silin, don sabon fenti a kusurwa ɗaya tak ba banza ba ne. In dafa ƙasan bango in ji ko yana tsatsafo. In buɗe murfin sokawe. In tambayi mai shagon bakin layi ko ruwa yana kwanciya da damina, ko rijiyar gidan tana ƙafewa idan zafi ya yi zafi. In duba ko an bar bashin wuta a mita. Abin da na gani zan faɗa wa mai nema, ya shiga da saninsa ko ya fasa. Wannan shi ne abin da ake biya.

Abu_Sadiq: Baba, irinku nawa suka rage?

Maman_Ilham: Na gode Baba. Amma har yanzu ba ka ce min wakilin wa ba ne.

Baba_Dillali: A al'adarmu ta kasuwa ɗan tsakiya ne, Hajiya. Mai gida ne ya ba shi gidan, mai haya ne ya biya shi. Shi ya sa amanar kowa tana wuyansa.

Barista_Zee: Baba, da girmamawa, a nan ne matsalar take. Ɗan tsakiyan da ribarsa ke ƙaruwa idan farashi ya hau, kuma ba ya samun ko sisi idan ciniki ya watse, ba a tsakiya yake ba. Yana ɓangaren a ƙulla ciniki ko ta halin ƙaƙa. Wannan ba zagi ba ne, tsarin biyan ne haka. A shari'ance wakili na wanda ya wakilta shi ne. Idan mai gida ne ya ce “nemo min ɗan haya”, to wakilin mai gida ne, ko da daga aljihun mai haya la'adar ta fito. Mutane suna ɗauka biyan la'ada ya sayo musu mai kare su, alhali sau da yawa ba haka ba ne.

Maman Ilham, shawarata ga ƙanwarki: ta duba rasit ɗin da aka ba ta, sunan wa ke jiki? Akwai rubutacciyar yarjejeniyar haya? Ta ɗauki hoton silin ɗin da bidiyo lokacin da ruwa ke zuba, ta rubuta wa dillalin saƙo tana neman suna da lambar mai gida. A rubuce, ba kira ba. Kada kuma ta yi gyara da kuɗinta da nufin za ta cire a hayar baɗi sai mai gidan ya amince a rubuce, don a nan rigingimu da yawa suke farowa.

Ɗan_Kurna: Ni abin da ya fi ƙona min rai kuɗin nuni ne. Ka biya dubu biyu ko uku, ka sa mai a mashin ɗinka, a kai ka gidan da aka riga aka bayar tun makon jiya, a ce maka “yanzun nan aka riga ka, amma akwai wani a Rijiyar Lemo.” Can ma ka sake biya. Wasu ba gidan suke son ka kama ba, yawon suke so.

Hajjo_Gidaje: Ɗan Kurna, wanda ya kai ka gidan da ya san an bayar macuci ne, babu ja. Amma ka ji namu ɓangaren. Ni mace ce, ina wannan harkar, yawancin masu nemana iyayen amare ne da zawarawa da ba sa son yawo da dillali namiji. Akwai matar da za ta sa ki shiga adaidaita sahu daga Hotoro zuwa Gaida, ta buɗe kowace ƙofa, ta auna bangon falo da mayafinta ta ga ko kujerun 'yarta za su shiga, ta tambayi kuɗi, ta ce za ta yi shawara da Alhaji. Bayan sati ki ji ta zagaya ta samu mai gidan da kanta sun daidaita, don kada ta biya la'ada. Kuɗin motar da na kashe da wunin da na ɓata wa zai biya? Kuɗin nuni saboda irin waɗannan aka fito da shi. Ni nawa ƙa'ida ce: idan kin kama gida ta hannuna, ina cire shi daga la'ada.

Ɗan_Kurna: To wannan adalci ne Hajiya. Da haka kowa yake yi da ba a yi magana ba.

Sani_Mai_Tayil: Ku bar batun haya, ku zo kan sayarwa. Mai gida ya ce miliyan ashirin yake so. Dillali na farko ya faɗa wa na biyu ashirin da biyu, na biyu ya sa a WhatsApp ashirin da biyar, kafin ya iso kunnen mai saye mutum biyar ne a layi, kowa da nasa ƙarin. Ranar biya sai ka ga fuskokin da ba ka taɓa gani ba sun cika zaure, kowa yana cewa “ta hannuna ya biyo.” Sannan bayan ƙarin kuma a ce ka kawo la'ada. Malamai, wannan ƙarin halal ne?

Malam_Abu_Hafsa: Bismillah. Ɗan uwa Sani, dillanci kansa sana'a ce halattacciya. Imamul Buhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. A wurin ya kawo maganar Ibnu Abbas cewa babu laifi mutum ya ce wa wani: sayar da wannan tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. To ka lura, mai kaya ne ya faɗa da bakinsa. Idan mai gida ya ce “miliyan ashirin nake so, abin da ya hau naka ne”, akwai magabatan da suka halatta, ko da yake wasu malaman sun ƙi saboda ladan ba sananne ba ne. Amma idan cewa ya yi “sayar min”, dillali ya sayar ashirin da biyar ya dawo ya ce masa ashirin aka saya, wannan biyar ɗin haƙƙin mai gida ce, kuma ƙarya ce da ha'inci. Wakili amintacce ne a kan abin da aka ba shi.

Haka nan abin da wasu ke yi na kawo abokinsu ya taya gida da tsada a gaban mai saye alhali ba saye zai yi ba, don a zuga shi ya ƙara, Annabi (SAW) ya hana shi. Batun yoyon da aka rufe da fenti kuwa yana ƙarƙashin hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Wallahu a'alam.

Sani_Mai_Tayil: Allah ya saka da alheri Malam. Ke nan maganin shi ne mai saye da mai sayarwa su zauna su ji farashi daga bakin juna.

Baba_Dillali: Haka ake yi tun asali. A zauna, mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a ja a ja har ya ce ya sallama, a gaban shaidu. Sannan a fitar da la'ada a fili, dillalai su je su raba a tsakaninsu. Layin mutum biyar ba matsalar mai saye ba ce, la'ada ɗaya ce ake rabawa. Duk dillalin da ya ce maka “mai gidan ba ya son a gan shi, ni za ka tura wa kuɗin”, ka ɗauki takalminka.

Ummi_KD: Baba idan mai gidan yana ƙasar waje fa? Namu a Kaduna yana Ingila.

Barista_Zee: Ummi, to a nuna miki takardar wakilcin da ya ba wanda zai sa hannu a madadinsa, a kai wa lauya ya duba ta, a kuma kira shi ta bidiyo ki gan shi. Kuɗi kuma asusun mai gida za su shiga, mai ɗauke da sunan da ke kan takardun gidan.

Tunda an shigo saye da sayarwa, bari in faɗi rashin fahimtar da ta fi kowacce cin dukiyar mutane: ɗaukar dillali a matsayin mai tantance takardu. Za ka ji mutum ya ce “ai dillalin ya ce min takardun lafiya lau.” Shi dillali kwafin da aka ba shi ya gani, kamar yadda kai ma ka gani. Bai san ko an jinginar da satifiket ɗin mallakar gidan a banki ba, bai san ko gidan yana gaban kotu ba, bai san ko gwamnati ta soke mallakar ba. Ana gane waɗannan ne ta binciken fayil a hukumar filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ke hannunka haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Takardar cinikin da aka rubuta a zaure aka sa hannu tana da amfaninta a matsayin shaidar an biya kuɗi, amma ba ita ke mayar da suna ba. Mutum zai biya dillali miliyan guda ba gardama, a ce ya biya lauya kaɗan daga cikin haka ya duba masa fayil sai ya ce ɓarnar kuɗi ce.

Abu_Sadiq: Barista kina tallan sana'arku ne dai.

Barista_Zee: Ka kira shi talla, Malam Abu Sadiq, ban damu ba. Ka je wurin kowane lauya ka ga dama, amma ka je kafin ka biya, ba bayan an kawo maka sammaci ba.

Injiniya_Bash: Ina goyon bayan Barista, in ƙara da safiyo, wato mai awon fili. Dillali zai tsaya a gona ya nuna maka da hannu, “daga wancan dutsen zuwa wancan kututturen, hamsin da ɗari.” Musamman filayen awon igiya na bayan gari. Na ga wanda ya zuba harsashi ya kai linta, sannan aka gano ƙafa goma na gaban filin hanya ce. Wani kuma a ƙarƙashin babban layin wuta aka yanka masa. Dillali ba shi da na'urar awo, ba shi da taswirar unguwa, ba kuma shi ke ba da izinin gini ba, wannan na hukumar tsara birane ne, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Yana iya kasancewa mutumin kirki, shi ma abin da aka nuna masa ya nuna maka.

Ɗan_Kurna: To idan ba lauya ba ne, ba safiyo ba ne, ba mai gyara ba ne, ba mai lamuni ba ne, me ya rage? Nuna ƙofa kawai ake biyan kashi biyar ko goma?

Hajjo_Gidaje: Ka gwada neman gida da kanka wata guda ka dawo mu yi magana. Gidajen kirki ba a manna musu takarda a bango. Sanin wane ne zai tashi ƙarshen wata, wane magada ne suka yanke shawarar sayarwa, wane layi ne mota ba ta shiga da damina, nawa aka sayar da na kusa da shi bara, wane mai gida ne ke ƙara haya duk shekara, wannan sanin shi muke sayarwa. Da kuma sasanta mutum biyu da kowannensu ke ganin ɗayan zai cuce shi. Ciniki nawa ne ya kusa watsewa a kan wa zai biya bashin ruwa, muka zauna muka ɗinke?

Mai_Kima_Abj: Bari in sa baki a matsayina na wanda ya karanta harkar. A Najeriya mutane suna cakuɗa mutum uku. Akwai dillalin unguwa, wanda jarinsa sanin gari da mutane. Akwai mai kula da gida, wanda mai gida ya ɗora wa karɓar haya da gyare-gyare duk tsawon shekara. Akwai kuma ƙwararren mai ƙiyasta darajar kadara, wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON da aka kafa da doka a 1975, kuma ƙungiyarsu NIESV ta girme ta, tun 1969 take. Rahoton wannan na ukun ne banki ke karɓa idan za a ba da bashi a kan gida, kuma idan ya yi ha'inci akwai inda za a kai ƙararsa a hukunta shi. Dillalin unguwa idan ya ce gidanka ya kai miliyan talatin, ra'ayinsa ne na ɗan kasuwa. Yana iya dacewa, sau da yawa ma yana dacewa, amma ba ƙiyasin da za a kafa hujja da shi ba ne.

Abin da ƙanwar Maman Ilham take nema, wato wanda za ta kira idan rufi ya yi yoyo, aikin na biyun ne. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, shi ya sa ake ruɗewa. Tambayar da ya kamata kowane mai haya ya yi kafin ya biya ita ce: bayan na shiga, wa zan kira, kai ko mai gida? A rubuta amsar a yarjejeniya.

Legas ta yi gaba a nan, tana da hukumar LASRERA da ke yi wa dillalai rajista da sauraron koke, kuma dokar hayarta ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ban da wasu unguwanni da aka keɓe. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce, amma aƙalla akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Issoufou_Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar muna da wannan matsala, dillalai sun cika gari, Yamai ta fi tsanani. Amma ga sayen gida ko fili mai cikakkar takarda, mai hankali wurin notar yake zuwa, shi ke duba takardu ya rubuta ciniki, kuɗi su bi ta gabansa. Dillali ya kawo ku, ya amshi nashi, ya koma gefe. Inda ake kuka shi ne filayen bakin gari da ake saidawa da takardar mai gari kaɗai, fili guda a saida ma mutum biyu ko uku. Kuma a haya dillali ba ya gyara ko ƙusa guda, kowa ya san wannan.

Ummi_KD: Mai gidanmu da na ce yana Ingila ya taɓa gaya mana can tun 2019 doka ta hana dillalai karɓar kuɗin dillanci daga mai haya, mai gida ne ke biyansu tunda shi ya sa su aiki. Ni wannan ya fi kwanta min. Wanda ya aike ka shi zai biya ka, kowa ya san matsayinsa.

Sani_Mai_Tayil: A kawo shi nan gobe masu gida su ɗora kuɗin a kan haya. Mai haya dai zai biya ta bayan gida.

Ummi_KD: Ko da hakan ne, mai gida zai yi ciniki da dillali ya rage, tunda daga aljihunsa za ta fita. Mu da muke neman wurin kwana ba mu da bakin ciniki.

Talaka_Bawan_Allah: Duk wannan bincike da kuke faɗa, waɗanda aka rushe wa shaguna a Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula a Kano a 2023 ba su da takardu ne? Gwamnati ta ba su, gwamnati ta rushe. Wane lauya ne ya cece su?

Ɗan_Kurna: Filin jama'a aka yanka aka sayar, me kake so a yi?

Admin_Zaure: Jama'a don Allah kada mu shiga siyasa, mun san inda take kai mu. Wanda ke son wannan ya buɗe nasa zaren. Mu koma kan dillalai.

Barista_Zee: Jumla ɗaya kawai Admin, don ta shafi maganarmu: babu dillalin da zai iya lamunce maka abin da gwamnati za ta yi gobe, wanda ya ce maka “ba abin da zai faru, ni na tsaya maka” ya faɗi abin da ba ya hannunsa.

Gwaggo_Asabe: 'Ya'yana ni mai gida ce, ɗakuna huɗu marigayi ya bar min nake ci da marayu. Ku ma masu haya ku ji namu. Na ba wani yaro ya samo min mutane, ya kawo min wanda wata takwas bai biya ba. Na ce to kai ka kawo shi, kai za ka fitar min da shi, ko ka biya ni. Ya ce shi ba ruwansa. Ashe mu ma haka ake mana.

Barista_Zee: Gwaggo, Allah ya ji ƙan marigayi, ya raya marayu. Gaskiyar da ba za ta yi daɗi ba ita ce, dillali ba ya biyan bashin ɗan haya sai idan ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Kuma ba shi da ikon fitar da kowa. Don Allah kada ki bari wani ya ce zai cire ƙofa ko kwano ko ya watso kaya waje, ke za a kai ƙara. Hanya ita ce takardar sanarwar tashi, sannan kotu. A dokar Abuja, misali, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara wata shida ake ba shi, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sannan wata sanarwar ta kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Kowace jiha da tata dokar, ki samu lauya a garinku ya duba miki. Kafin nan ki gwada mai unguwa, sau da yawa a nan ake gamawa.

Baba_Dillali: Gwaggo, doka ba ta ɗora masa biya ba, amma kunya ta ɗora masa zuwa. Ni idan na kawo mutum ya zama haka, ƙafata ƙafarsa har gaban mai unguwa. Kuma laifin yaron tun farko ne: kafin ka kai wa marayu ɗan haya ka san sana'arsa, ka san inda ya taso da dalilin tashinsa, ka nemi wanda zai tsaya masa. Mu da muke da ƙungiya da shugabanni, irin wannan ƙarar ana kawo mana, mu kira yaro mu tsawatar. Matsalar yanzu duk wanda ya sayi waya ya ɗauki bidiyon gida ya sa a TikTok ya zama dillali, ba wanda ya koya masa, ba wanda zai kira shi.

Gwaggo_Asabe: Allah ya yi muku albarka. Gobe zan aika a kira mai unguwa.

Yusuf_Gwale: Tambaya a kan gidan gado. Dillali ya kawo mana gida a cikin gari, babban ɗan ne ke sayarwa, ya ce sauran duk sun yarda. Ya ce mu ba da kafin alƙalami kada wani ya riga mu.

Malam_Abu_Hafsa: Kada ku ba da ko kwabo a kan “sun yarda”. Gidan da ba a raba ba kowane magaji yana da rabonsa a ciki, har matan da ke gidan aure da ƙananan yara. Babban ɗa ba ya sayar da rabon ƙannensa sai da wakilcinsu. Kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: idan ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗan uwansa yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Ku nemi takardar rabon gado daga kotu, ko duk magada su zauna su sa hannu a gaban shaidu. Dillali ba alƙali ba ne, ba zai iya yarda a madadin kowa ba.

Mai_Kima_Abj: Yusuf, in ƙara maka: idan ciniki ya faɗa, ku biya ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Ban da doka ma, shaidar banki ba ta ɓata.

Maman_Ilham: Na karanta duka, na gode ƙwarai. Ƙanwata ta tura saƙon kamar yadda Barista ta ce, ya turo lambar mai gidan, sun yi magana. Na yarda gyara ba na dillali ba ne. Amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Baba ya ce amanar kowa tana wuyansa, Barista ta ce wakilin mai gida ne, Hajjo ta ce sani take sayarwa. To idan sani na saya, kuma aka ba ni sani rabi, ba ni da haƙƙin a dawo min da wani abu daga la'adar?

Barista_Zee: Idan za ki iya tabbatar da cewa ya sani ya ɓoye, ko an tambaye shi ya ce rufin lafiya, akwai magana. Idan bai sani ba, da wuya.

Hajjo_Gidaje: Da rani aka kama gidan ko? To ta yaya zai san yana yoyo idan mai gida bai faɗa masa ba? Kada a ɗora masa laifin mai fenti.

Baba_Dillali: Hajjo, zai sani idan ya ɗaga kai. Ni a wurina rashin dubawa ma gazawa ce. Da yarona ne, zan sa shi ya mayar da rabi.

Hajjo_Gidaje: Baba ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Idan muka buɗe wannan ƙofar, duk wanda famfonsa ya lalace bayan wata uku zai zo neman rabin la'ada. A rubuta tun farko abin da dillali ya duba da abin da bai duba ba, kowa ya sa hannu, ni wannan zan yarda da shi.

Yusuf_Gwale: Malam Abu Hafsa, na yi wa dillalin maganar takardar kotu, ya ce ɗaya daga cikin magadan tana aure a Agadez, wai ba sai an jira ta ba. Za ta iya wakilta wani ta waya, ko dole sai a rubuce?